Yadda Ake Ta Da Injin Tsohuwar Mota Bayan Ya Cije

Da wuya mutum ya ratsa tsofaffin unguwannin ma'aikata a Kaduna, ko Zariya, ko Jos, ko Ibadan, bai ga wata tsohuwar Peugeot, wadda muka fi sani da Fijo, an jingine ta a gindin darbejiya ko a bayan gida ba. Tayoyinta sun sace sun nutse cikin ƙasa, ganye ya cika rufinta, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. In ka tambaya sai a ce maka ta marigayi maigida ce, tun da ya kwanta ciwo ba a sake ta da ita ba. In ka ƙara tambaya me ya hana a gyara ta, amsar ɗaya ce ko'ina: an kira bakanike ya duba, ya ce inji ya cije. Daga jin wannan kalma sai magada su yanke ƙauna. Ran da 'yan gwangwan suka zo da sikelinsu sai a sayar musu da ita a kan nauyin ƙarfe, su sa guduma da wuta su yi gunduwa-gunduwa da ita.

Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin injunan nan ba su mutu ba. Tsatsar da ba ta kai cikin cokali ba ita ce ta riƙe su. Waɗanda kuma aka yi niyyar gyarawa, galibinsu a ranar farko ake kashe su, sa'ad da aka ɗaura wa motar igiya aka ja ta da ƙarfi don a tilasta wa injin juyawa.

Ya kamata mai karatu ya san darajar abin da ake zubarwa. An fara ƙera Peugeot 404 a Faransa a 1960, ita kuwa 504 ta fito a 1968, har ta ci lambar motar shekara ta ƙasashen Turai a 1969. A tseren motoci na Safari da ake yi a Gabashin Afirka, 404 ta zo ta ɗaya a 1963, da 1966, da 1967, da 1968, 504 kuma ta ci a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar harhaɗa Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, ta kuwa ci gaba da fito da 504 har zuwa 2006, shekaru da yawa bayan Faransawa sun daina yin ta a gida. A wancan zamani ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, ita ce doguwar tasi mai jigilar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri, a-kori-kurarta kuma ita ce mai kai hatsi kasuwar ƙauye. A Turai akwai ƙungiyoyin masu sha'awar tsofaffin motoci da suke neman irin waɗannan su gyara su adana, alhali mu da aka harhaɗa su a ƙofar gidanmu muna auna su a sikeli.

Cijewa iri biyu ce

Tambayar farko da gwanin bakanike yake yi ba ta shafi ƙarfe ba. Yakan tambayi mutanen gida ne: yaya aka yi motar ta tsaya? Domin cijewa iri biyu ce, maganinsu kuwa ya sha bamban.

Akwai injin da ya cije yana cikin tafiya, ko don baƙin mai ya ƙare, ko don ruwan lagireto ya tsiyaye zafi ya yi yawa. A nan ƙarfe ne ya narke ya manne wa ƙarfe. Shi ne wanda direbobi suke cewa ya yi nokin. Irin wannan ko shekara aka yi ana jiƙa shi da mai ba zai saki ba, sai an sauke shi an wargaza, an kai kuranshaf wurin masu injin gurza ƙarfe.

Akwai kuma wanda aka kashe shi lafiya lau da makulli, aka ajiye shi, zama ya cinye shi. Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Duk inda inji mai silinda huɗu ya tsaya, lalle ne a sami bawul ɗin wata silinda a buɗe. Ta wannan ƙofa iskar damina mai laima take shiga, ko ta salansa ko ta kafireto. Da dare ƙarfe ya yi sanyi raɓa ta kwanta a bangon silinda, baƙin man da ya lulluɓe shi kuwa ya daɗe da tsiyayewa ƙasa. Damina biyu ko uku sun isa ringin fistin su haɗe da bangon da tsatsa. In an bar motar ba murfin iska a kan kafireto, ko an cire filogi ba a mayar ba, to abin ya fi sauri, domin ruwan sama ne zai shiga kai tsaye, ga ƙurar hunturu, ga zanzaro da ba ya ganin rami ya ƙyale bai yi gini ba. Wannan iri na biyu shi ne abin maganarmu, shi ne kuma ake iya cetowa.

Amma kafin a ɗora wa inji laifi, a tabbata shi ne mai laifin. A sa giya a firi, domin motar da aka bari cikin giya, birkinta kuma ya kama, za ta nuna kamar injinta ya cije. A cire fanbel, saboda famfon ruwa ko altaneta da ya yi tsatsa yana iya riƙe inji. A kwance sitata, wanda kanikawa suke kira kik, domin wani lokaci haƙoransa ne suka sarƙe da na filawil. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, a ga inji ya juya, mai mota ya yi hamdala.

San abin da ke gabanka

Wanda bai san sunan abu ba, ba zai iya sayensa a kasuwa ba, balle ya gane in bakanike yana yi masa rufa-ido. Saboda haka bari mu bi injin daga sama zuwa ƙasa.

Da an buɗe bonet abin da ido zai fara lura da shi shi ne injin 404 da na 504 ba a tsaye suke sak ba, an kishingiɗar da su gefe guda. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa. Murfin da ke can sama shi ya rufe 'yan sandunan da suke danna bawul. Ƙarƙashinsa akwai kan inji, wanda kanikawa suke kira tof silinda. Na alminiyam ne, a cikinsa bawul takwas suke, huɗu na shigar da fetur da iska, huɗu na fitar da hayaƙi, a nan kuma ake ɗaura filogi. Tsakaninsa da gangar injin akwai gaskit. Ita gangar, watau bulok, ta baƙin ƙarfen zubi ce, cikinta fistin huɗu suke hawa da sauka. Kowane fistin yana sanye da ringi, kuma kwanrod ya haɗa shi da kuranshaf, wanda yake kwance can ƙasa bisa 'yan ɓawon ƙarfe masu santsi da ake kira metal. Kuranshaf yana da fuli a goshi, yana da filawil a ƙeya. Sarƙa ce take haɗa shi da kamshaf, shi kuma kamshaf shi ne mai tura sandunan nan da suke buɗe bawul. A gindin duka akwai kwanon baƙin mai.

Abin da ya raba wannan inji da na yawancin motoci shi ne ba a jikin bulok aka huda ramukan silinda ba. Kowace silinda bututu ce mai zaman kanta, kanikawa suna ce mata silif, ana zura ta cikin bulok, ruwan lagireto yana kewaya ta. Ana iya zare ta a sa sabuwa. Wannan ita ce babbar rahamar injin Fijo ga mai gyara, ita ce kuma tarkonsa ga wanda bai sani ba.

Sai kuma a gane wane inji ne a cikin motar. Kada a dogara da lambar da ke rubuce a bayan but, domin Fijon da ta yi shekara talatin a hanyoyinmu da wuya a ce injinta na asali ne a ciki. A goge jikin bulok da kananzir da burushin waya a nemi lambar da aka buga da tambari. A lura, lambobin da suka yi tudu a jikin ƙarfe na maƙerar da ta zuba shi ne, waɗanda aka buga suka nutse su ne shaidar injin. Na 404 mai fetur girmansa sisi 1618 ne, faɗin silindarsa milimita 84. Na farkon 504 sisi 1796 ne, shi ma faɗinsa milimita 84, sai dai fistinsa ya fi yin doguwar tafiya, milimita 81 maimakon 73. Wanda ya fi yawa a ƙasar nan shi ne mai sisi 1971, faɗin silindarsa milimita 88. Daga waje kusan kamarsu ɗaya, amma wanda ya je Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Ikko, ya sayo ringin 84 alhali injinsa 88 ne, ya yi asarar kuɗin mota da na kaya. In kuwa aka duba ba a ga filogi da wayoyinsu ba, sai 'yan bututun ƙarfe huɗu, to injin gas ne, maganarsa dabam ce.

Wani abu kuma da yake rikita ko kanikawan da suka saba da motocin Japan: a ƙa'idar Peugeot silinda ta ɗaya ita ce ta wajen filawil, watau ta kusa da direba, ba ta wajen lagireto ba. Wuta tana bin su ne 1, 3, 4, 2. Duk abin da aka kwance a ɗauki hotonsa da waya tukuna, a sa masa alama. Sandunan bawul a huda kwali a jera su yadda aka zare su. Murafen kwanrod kuwa kowanne da abokin zamansa, in aka musanya su injin zai sake cijewa ko da kome sabo ne.

Jiƙo

A zaro sandar awon baƙin mai a duba. In man baƙi ne wuluk, alama ce mai kyau. In ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. A kwance notin kwanon mai sannu a hankali a ga abin da zai fara zubowa, domin ruwa ya fi mai nauyi, shi yake kwanciya a ƙasa. A murza man tsakanin yatsu a rana. In ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe, to labarin da mutanen gida suka bayar cewa lafiya aka kashe motar yana bukatar a sake bincikensa.

Sa'an nan a cire filogi huɗun. A injin Fijo suna can cikin rami mai zurfi, sai da doguwar sifana, kuma wajibi ne a hure dattin da ya taru a ramin kafin a kwance, don kada ya faɗa cikin silinda. A haska tocila. Filogin da ya fito da jan tsatsa a bakinsa ya riga ya nuna silindar da ke da ciwo.

Abin da ake zubawa ba wani abin asiri ba ne. Man gas ya isa, ko kananzir da aka gauraya da jan man giyar atomatik. Akwai kuma man fesawa na gwangwani da ake sayarwa don sakin tsatsa. Kada a zuba ruwan batir ko wani abu mai cin ƙarfe, domin fistin alminiyam ne, zai ci shi kafin ya ci tsatsar. To, a nan ne kishingiɗar injin take da muhimmanci. Tun da silinda a karkace take, in aka zuba ɗan kaɗan duk zai gangara gefe guda ya kwanta, ɗaya gefen ya zauna a bushe. Sai a cika har man ya rufe kan fistin baki ɗaya. A mai da filogi a sassauce, a tafi.

Abin da ya rage shi ne jira, shi ne kuwa ya fi wuya. Mako guda, mako biyu, wani ma har wata. Kowace safiya a leƙa. Silindar da manta yake raguwa, mai ya sami hanya yana ratsa ringi yana sauka kwano. Wadda manta ya tsaya cak kamar yadda aka zuba, galibi ita ce ta riƙe injin. Mai garejin da motoci suka yi masa layi ba shi da wannan lokaci, shi ya sa yakan ce a sayi wani inji kurum. Ba lalle ƙarya ya yi ba, lissafin aljihunsa ya yi. Mai motar da take gindin bishiya shekara goma kuwa ba abin da wata ɗaya zai rage masa.

Ana cikin jiran sai a buɗe murfin sama a gwada bawul ɗaya bayan ɗaya. A ɗora guntun katako a kan kowanne a ɗan buga. Lafiyayye zai nutse ya dawo da ƙarfin sifirin. Wanda ya ƙi motsi, ko ya nutse ya zauna, a jiƙa shi shi ma. Wanda ya tsallake wannan mataki, ran da injin ya juya sai ya tarar sandar bawul ta lanƙwashe, ko fistin ya haɗu da bawul ɗin da ya maƙale a buɗe.

In lokaci ya yi, a cire filogi, a sa sifana a notin fulin kuranshaf, a ɗan taɓa gaba, a ɗan taɓa baya. Ba juyawa ake nema ba tukuna, motsi ake nema, ko da na kaurin farce ne. A ja layi da alli a kan fulin don ido ya iya gani. Kada a zura wa sifanar dogon bututu mutum biyu su hau, notin ne zai karye ko ya kwance. Wata dabarar ita ce a hura tayoyi, a sa motar a babbar giya, mutum biyu su riƙa rausaya ta gaba da baya a hankali. Da an ga allin ya gusa, a tsaya, a ƙara mai, a bar shi ya kwana. Gobe zai gusa fiye da haka. Amma jan mota da igiya a saki kuloci, ko haɗa batir biyu a danna wa kik, waɗannan su ne suke karya ringi, su lanƙwasa kwanrod, su kakkarye haƙoran filawil. Balle in silinda cike take da mai filogi kuma a ɗaure, domin ruwa ba ya matsuwa, ƙarfe ne zai ba da hanya. Masu hura wuta a ƙarƙashin kwanon mai kuwa, wai don zafi ya saki injin, su tuna akwai tankin da tsohon fetur yake ciki taku kaɗan daga wurin.

In jiƙo ya gaza

Wani injin ko an yi wata ana lallashinsa ba zai motsa ba. Sai a cire kan inji. A sassauta kusoshinsa kaɗan-kaɗan, daga na gefe zuwa na tsakiya, don kada alminiyam ya karkace. Kada a ɗaga shi sama kai tsaye, a fara gurgusa shi gefe har gaskit ya saki, in ba haka ba zai taso da silif a manne da shi. Da an sauke shi, kafin a taɓa kome, a danne silif huɗun da manyan wasa da kusoshi a ramukan da aka kwance. Dalili kuwa shi ne kan inji ne kaɗai yake danne su. In kuranshaf ya motsa ba a danne su ba, fistin zai turo silif sama, abin toshiyar da ke gindinsa ya yage, daga nan ruwan lagireto ya sami hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Injuna da yawa an sake su daga tsatsa lafiya, wannan kuskure ya kashe su bayan mako biyu da fara tafiya.

Yanzu ido yana ganin ciwon. A kankare tsatsar da ke saman fistin da lallausar takardar yashi, a share, a ƙara mai. Ana iya sassaƙa katako mai tauri daidai faɗin silinda a ɗora a kan fistin a buga da guduma, bugun lallashi. Ƙarfe kam kada ya taɓa kan fistin. Kuma bugun yana da amfani ne in fistin yana tsakiyar tafiyarsa. In yana can ƙololuwa ko can ƙasa, kwanrod a miƙe yake, duk bugun a kan metal yake sauka.

In wannan ma bai yi ba, sai rahamar da muka ambata ta yi aikinta. A sauke kwanon mai, a kwance murfin kwanrod na fistin da ya maƙale, a cire abin da aka danne silif ɗinsa da shi, a turo fistin da silif tare su fito kamar an zare rake daga dami. Sauran injin ya kuɓuta ke nan. Shi kuma wanda ya fito a nutsa shi cikin bokitin man gas, ko a riƙa kwarara wa bayan silif tafasasshen ruwa a bar shi ya huce, a maimaita. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe buɗewa da zafi kusan ninki biyu, saboda haka wannan buɗewa da tsukewa tana farfasa tsatsar da ke tsakaninsu. In ya fito aka ga bangon silif ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana, a yar da shi. Ana sayar da silif da fistin da ringi a haɗe, kuma an fi so a sake huɗun gaba ɗaya. Wurin mayarwa a sa sabon abin toshiya a gindin kowanne, a kuma auna a tabbata bakin silif ya ɗara fuskar bulok da ɗan tudu kamar kaurin takarda ko ƙasa da haka, domin wannan tudu ne gaskit yake kamawa. Tsofaffin kanikawan Fijo, waɗanda suka koyi aiki tun motar tana tashe, sun san wannan awo sarai. A neme su tun suna nan, da tsohuwar zuma ake magani.

Injin da ya juya bai isa tayarwa ba tukuna. A rufe ramukan filogi da tsumma a yi ta juya shi da hannu har man jiƙon ya fita, har kuma a ji yana zagayawa ba inda yake tauri. A zubar da abin da ke cikin kwano, a sa sabon baƙin mai da sabuwar matatarsa. A wanke tanki da kafireto, domin fetur ɗin da ya shekara yakan zama danƙo. A cika lagireto a duba ko yana yoyo. Sa'an nan a sa batir, filogi suna waje, a riƙa buga kik kaɗan-kaɗan har jar fitilar mai da ke gaban direba ta mutu, alamar mai ya kai ko'ina. Bayan haka ne za a ɗaura filogi a ba shi wuta.

Zai yi tari, zai yi hayaƙi mai yawa har maƙwabta su fito, wannan ragowar man jiƙo ne yake ƙonewa. A bar shi ya yi aiki a hankali ba tare da an taka totur ba, ido a kan allurar zafi, kunne a kan gindin inji. Bayan ya yi sa'o'i kaɗan yana aiki a sake juye man a duba launinsa. Kuma kada motar ta taka titi sai an sake robobin birki da mansa da tayoyi huɗu, domin shekarun da suka cije injin sun ci su su ma.